Ƙurungun Iya Tasalla

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

Kifi ɗaya ne ya ɓata. Ɗan ƙurungu, bai fi yatsana ba. Ku matso ku ji yadda aka yi.

Wata tsohuwa ce, Iya Tasalla, matar masunci. Shekara arba'in mijinta Barmo yana kamo kifi, ita tana banda. Ya kamo, ta ƙyafe. Ya kamo, ta ƙyafe. Ran nan Allah ya karɓi abinsa. Da ta fita takaba, ɗanta Tanimu ya kawo ta birni, gidan bene, wurinsa da matarsa Indo. Ba kogi, ba kwalekwale, ruwa sai na famfo.

Tanimu ya ga tsohuwa tana kewar ruwa, sai ya sayo mata akwatin gilashi. Aka zuba yashi, aka dasa ciyawa, aka kifa ɗan fasasshen tulu a kusurwa. Aka sa inji mai hura iska, ɓul-ɓul-ɓul. Aka saki kifaye ja da rawaya, wani da jela kamar gyale.

Iya ta ce, "Waɗannan 'yan gayu ne, ba na koginmu ba."

Ran Juma'a Indo ta raka ta wurin mai sayar da kifin. Can Iya ta hango ɗan ƙurungu mai ɗigo-ɗigo, da gashin baki. Ta ce, "Ga ɗan garinmu!" Aka ƙulla mata shi a leda, ta zo ta juye a akwati.

Gari ya waye, ɗan garinmu babu. Ta duba sama, babu. Ta duba ƙasa, babu. Ta zauna tana waƙa:

"Ƙurungu, ƙurungu, mai gashin baki,
Na kawo ka gida, ina ka shige?"

Rana ta farko ta tsare Kyanwa. "Ke, buɗe bakinki in shinshina."

Kyanwa ta ce, "Haba Iya! Akwati da murfi, ni kuma da tsoron ruwa? Wannan ɗan abu duk ƙaya, me zan ci a jikinsa? Ni fa kan kaza ake ba ni a gidan nan."

Rana ta biyu ta ƙwanƙwasa gilashi ta kira Jan Kifi. "Kai ne babba a nan. Ina baƙona?"

Jan Kifi ya kaɗa jela. "Wane baƙo? An yi baƙo bai zo gaishe ni ba? Ni tun safe nake duba gilashi, ban ga kowa ba sai ni."

Iya ta koma ta zauna.

"Ƙurungu, ƙurungu, mai gashin baki,
Na kawo ka gida, ina ka shige?"

To, ku sani, Iya Tasalla ta san kifi a kan wuta, ba ta san shi a cikin ruwa ba. Abu ɗaya ta taɓa gani. In rani ya yi, maza sukan tare kududdufi su kwarfe ruwan tas, sai kifi ya kwanta a taɓo a tsince shi. Rana ta uku ta ɗauko ƙwarya da bokiti.

Ta kwarfa ɗaya. Ta kwarfa biyu. Ta kwarfa uku. Ruwa ya koma rabi, inji ya kama tari, kifaye suka rikice.

Jan Kifi ya ce, "Iya, kashe mu za ki yi!"

Ta ce, "Ku yi haƙuri. Sai na ga ɗan garinmu, a raye ko a mace."

Sai wata 'yar murya ta ce, "Sannu da aiki, Iya."

"Wa ke magana?"

"Ni ne, Dodon-koɗi, mai sharar gilashi." Ashe yana nan manne tun ranar farko, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Ya ce, "Na san inda yake."

"Faɗa mini, ɗan albarka!"

"Maƙogwarona ya bushe. Mayar da ƙwarya ɗaya in samu bakin magana."

Ta mayar. Ya ce, "Ran da aka kawo ki gidan nan, ina kika sauka?"

"Ɗakin ƙurya. Na shiga na ja ƙofa. Wannan me ya haɗa shi da kifina?"

"Wayyo, maƙogwaro. Ƙara ɗaya."

Ta ƙara tana tsaki. Ya ce, "Kwana nawa kika yi a ciki?"

"Tara. Ban san kowa ba. Kowa da takalmi, kowa da sauri, ƙasa ma santsi gare ta."

"Saura ɗaya, Iya."

Ta juye ta uku. Ruwa ya cika, inji ya koma ɓul-ɓul-ɓul. Dodon-koɗi ya ce, "Da suka so ganinki, rufin ɗakin suka yaye?"

Iya ta ajiye ƙwarya. Can ta fashe da dariya.

"Ina fa! Indo ce. Kullum ta dama kunun tsamiya ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna ta ba ɗakina baya tana tsinkar zogale. Ba ta kira, ba ta leƙe. Rana ta tara na hango tana zuba ganye har da itacen, na kasa haƙuri. Na fito na ce, ke kawo nan, haka ake yi a gidanku?"

Dodon-koɗi ya ce, "To shi ma yana ɗakin ƙurya, cikin tulun can. Yi masa irin ta Indo."

Iya ta ɗauko tsohon zaninta ta lulluɓe rabin akwatin, ya yi inuwa. Ta zuba ɗan abinci a bakin tulu. Ta jawo kujera ta ba akwatin baya, ta kama tsintar shinkafa. Azahar ta wuce, ba ta juya ba. La'asar ta wuce, wuyanta na ƙaiƙayi, ba ta juya ba.

Sai ga Indo ta zo wucewa. Ta tsaya cak, ta ce a hankali, "Iya, kada ki juya."

"Mene ne?"

"Gashin baki ya fito. Kai ya fito. Iya, ci yake yi!"

Iya ta damƙe faifai. "Ya rame?"

"Rama? Tumbinsa kamar na ɗanki."

Suka toshe baki suna dariya. Iya ta ce, "Zauna nan kusa da ni, ki ba shi baya ke ma. Bari ya ƙoshi. Gobe ma rana ce, zai zo ya gan mu da kansa."

Haka kuwa aka yi.

Ƙurunƙus! Ba don ruwa ya shafe sawuna ba, da na kai ku gidan kun gani.

Kun ji dai, yara. In an kawo baƙo ya ɓuya, kada ku tono shi. Ku ba shi abinci, ku ba shi inuwa, ku ɗauke masa ido.

Wannan tatsuniya a bakin yayata Hansai na ji ta. Bara da damina ta rasu, ta bar ni ina ba ku ni kaɗai. Ku ɗaga hannu ku taya ni. Allah ya jiƙan Hansai, ya sa ta samu masu tarbarta da haƙuri a inda ta sauka. Ku ce amin.