Nomau Mai Wuyan Itace

Ku zauna. Mai surutu ya koma ɗakin uwarsa. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Baba Tsoho.

A zamanin da babu mota, karusa ce ke kai matafiya daga Gangare zuwa Tudun Maƙera. Dawaki huɗu ke janta, biyu a gaba, biyu a baya. Ba daga ciki ake tuƙa ta ba. Mutum ɗaya ke hawa dokin gaba na hagu, inda ya karkata nan sauran ke bi. Cikin masu wannan aiki babu kamar Nomau.

Aikin yana da doka guda: mahayin gaba ba ya waiwaye. In ka juya wuya sai kafaɗa ta bi, sai gwiwa ta matse doki, sai doki ya zaci umarni ne ya karkace, sai karusa ta kife. Nomau ya ga haka da idonsa yana saurayi. A hanyar dutse iska ta ɗauke hular maigidansa da ya koya masa hawa, sai maigidan ya waiwaya. An samu hular. Shi kuwa gawarsa aka ɗauko daga kwazazzabo.

Tun daga ranar Nomau bai ƙara waiwaye a kan doki ba. Makaɗa suka sa masa Mai Wuyan Itace.

Yana da mata, sunanta Lanti. Mai kunya ce irin ta matan da. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce Maigida.

Wata safiya da damina Lanti ta je ɗebo itace, sai kububuwa ta sare ta a ƙafa. Mai maganin dafi kuwa, tsoho Barmo, yana can Tudun Maƙera bayan dutse. Aka ce in rana ta faɗi ba ta sha magani ba, sai haƙuri.

Sai aka ɗaure ƙafar aka kwantar da ita cikin karusa. Iya Tabawa mai daddawa ta ɗora kanta a cinya. Cindo falke ya zauna a gefe, huhun goronsa a saman karusa. Nomau ya haye goɗiyarsa Gunya, ya ce, “Iya, ga amana.”

Ta ce, “Kai dai ja, ɗan nan.”

Suna ta gudu, suna ta gudu, sai suka faɗa wani gargada. Igiya ta tsinke, huhun goro ya faɗo. Cindo ya leƙo da kai.

“Tsaya! Gorona! Kai Nomau, kurma ne kai?”

Nomau ya ce, “Goro ba shi da ƙafa. Gobe ka same shi.”

“Awaki fa?”

“Su ci su yi hira.”

Bai waiwaya ba. Sai suka wuce.

Suna ta gudu, sai ga rafi ya kawo. Ruwa har ƙirjin dawaki. Suna tsakiya Iya ta ɗaga murya.

“Nomau, kumburi ya wuce gwiwa! Juyo ka gani!”

Ya ce, “Iya, ke ki gane mini. Ni ruwa nake kallo. Ƙara ɗaurewa.”

“Kai wane irin miji ne?”

“Irin wanda zai fitar da ku.”

Bai waiwaya ba. Sai suka haye.

Suna ta gudu, sai suka iso hanyar dutse. Hanya ce siririya, dutse a dama, kwazazzabo a hagu, daidai inda maigidansa ya faɗa. Nomau ya rage gudu, dawaki suna taka ƙafa a hankali. Cindo ya rufe ido yana salati.

Sai murya ta fito daga cikin karusa.

“Nomau!”

Lanti ce. Sau ɗaya ta kira, sai shiru. Sai Iya ta fashe da kuka. Cindo ya ce, “Inna lillahi!”

Wuyan Nomau ya fara juyawa da kansa. Gwiwarsa ta matse goɗiya. Gunya ta ji, ta ɗan karkata hagu, sai wani dutse ya ɓalle ƙarƙashin kofatonta ya gangara, ba a ma ji saukarsa ba. Sai Nomau ya cije wuyan rigarsa, ya kafa ido tsakanin kunnuwan goɗiya. Hawaye na zuba, ya ce, “Gunya, gaba.” Sannan ya ɗaga murya, fuskarsa na kallon hanya, “Lanti, na ji ki! Sai a ƙofar mai magani zan dube ki!”

Bai waiwaya ba. Sai suka fita daga dutsen.

Da suka sauko fili ya saki linzami. Dawaki suka miƙe kamar ba su taɓa gajiya ba. Rana tana saman itatuwa suka shiga Tudun Maƙera, mutane na darewa. Sai da karusa ta tsaya cik ya diro, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya.

Lanti ba ta motsi. Barmo ya taɓa wuyanta, ya ce, “Da sauran rai. Ku ba ni wuri.” Ya tsaga, ya matse, ya ɗura mata jiƙo. Can sai ta yi amai, ta buɗe ido. Iya Tabawa ta rangaɗa guɗa. Cindo ya zazzage ɗan goron da ke aljihunsa ya raba wa jama’a, yana cewa shi ma da ƙoƙarinsa.

Nomau ya durƙusa kusa da ita, ya ce, “An ce kin kira sunana a gaban baƙi.”

Ta ja mayafi ta rufe fuska. “Ba ni ba ce, Maigida. Dafi ne.” Can ta ce, “Ka waiwayo?”

“A’a.”

“Madalla. Da yanzu duk muna ƙasan kwazazzabo.”

Nomau ya ci gaba da hawa har gemunsa ya yi fari, karusarsa ba ta taɓa kifewa ba. Lanti kuwa ba ta sake faɗin sunan ba har suka tsufa.

Ƙurunƙus kan kusu, ta koma inda ta fito. In an damƙa maka rayukan mutane, ka dubi hanya, ko da zuciyarka tana baya. Ku tashi.