Ranar da Gurguwa Ta Fito Daga Rafi

Akwai wani manomi a wata ƙasa, mutum mai gona da iyali da rufin asiri, amma yana da wani hali da yake sa maƙwabta su girgiza kai in ya wuce. Yana son tsofaffin taraktoci, irin masu tafiya a kan sarƙar ƙarfe maimakon taya, waɗanda mutane suke kira katafila. Tsofaffi tukuf yake nema, waɗanda aka yi noma da su tun zamanin kakanni, aka gaji da su aka yar. In ya ji labarin akwai wata a bayan wani tsohon gandu, ciyawa ta rufe ta, ƙadangaru sun mai da ita gida, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya je ya gan ta. Yakan kawo ta gida, ya kwance, ya wanke, ya nemo abin da ya ɓace, har ranar da za ta yi tari ta tashi. A hankali bayan gidansa ya cika da su, kowace da sunanta.

Matarsa takan tsokane shi cewa tun da ta shigo gidan nan ba ta taɓa ganin ya shafa wa kaushin ƙafarsa mai yadda yake shafa wa waɗannan tsofaffi ba. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba da abin da yake yi. Ba ta hana shi ba, gama ta ga ba don ado yake tara su ba. Da su yake huɗa, da su yake gyara wa ƙauye hanya in damina ta cinye ta.

Wata rana aka gaya masa akwai wata a wani gandu mai nisa, bayan tudu, kusa da rafin da ya ratsa gonar. Ya tashi ya tafi. Ya same ta a gindin tsamiya, ta nutse a ƙasa, fentinta ya tafi, kujerarta ta ruɓe. Ya zagaya ta, ya ɗora hannu a kanta, tausayi ya kama shi. Da ya duba injin sai ya ga da sauran rai a cikinsa. Sarƙar ce ta mutu. Tsatsa ta shiga kowace gaɓa ta riƙe, har sarƙar da aka yi don ta lanƙwasa ta zama kamar sanda. Nan take ya sa mata suna Gurguwa.

Mai gandun ya riga ya rasu, ɗansa ne ya gāje shi, saurayi ne da ya tashi a birni. Shi kuwa ya riga ya yi wa wani mai sayen gwangwan alkawarin ta, wato irin mutanen nan da suke yawo da babbar mota da wutar yanka ƙarfe, su daddatsa tsohon inji su loda su tafi. Manomin ya roƙi saurayin, ya sāke roƙonsa. Mai gwangwan yana tsaye a gefe yana ƙwanƙwasa jikin taraktar da ɗan ƙarfe, yana auna nauyinta da ido. Ya ce wannan ta gama zamaninta, abin da ya rage a jikinta nauyi ne kawai.

Saurayin ya ji kunyar furfurar manomin, ya kuma ji nauyin alkawarin da ya yi. Sai ya ce, “Baba, ba na so in ɓata maka rai. In ta taka da ƙafarta ta fita daga gonar nan kafin rafi ya kawo ruwan farko na damina, ta zama taka. Amma ban ce a ja ta ba, ban ce a ɗauke ta ba. In ruwa ya riga ta, ta mai wuta ce.”

Mai gwangwan ya yarda yana dariya, gama a ganinsa jira ne kawai aka ƙara masa.

Manomin ya fara da injin. Ya wanke, ya zuba sabon mai, ya yi ta fama har ta yi tari, ta fitar da baƙin hayaƙi, ta ɗauki ƙugi. Amma da ya sa giya ko motsi ba ta yi ba. Masu wucewa suka taru, kowa da shawararsa, kun san mu da ba da shawara a kan aikin da ba mu za mu yi ba. Wani ya ce a kawo babbar guduma. Wani ya ce a gasa gaɓoɓin da wuta. Manomin ya ƙi, gama ya taɓa ganin sarƙar da aka tilasta da guduma, ta fashe a wurin da ba a iya gyarawa.

Ya koma gida ya zo da tsofaffin taraktoci biyu daga cikin nasa, waɗanda su ma a daji ya tsinto su. Suka yi tafiyarsu ta nawa har suka iso. Ya ɗaura wa Gurguwa igiyar ƙarfe, su biyun suka tumɓuke ta daga ƙasa, suka ja ta zuwa rafin da yake cikin gonar, suka ajiye ta a wurin da ruwan rani bai wuce gwiwa ba. Ruwa ya rufe sarƙar, injin yana sama a bushe. Sa'an nan ya mai da tsofaffin biyu gida, ya bar ta a nan.

Dariya ta ƙaru. Mutane suka ce tsohon ya ruɗe, tsatsa yake gudu ya kai ƙarfe cikin ruwa. Amma shi ya san abin da tsofaffin direbobi suka sani, cewa sarƙar da ta sandare, in aka bar ta cikin ruwa mai gudu, ruwan yakan bi ta tsakanin gaɓoɓin a hankali, ya jiƙa tsatsa da busasshiyar laka, ya yi ta kwashewa kaɗan kaɗan. Aikin ba ya son gaggawa.

Kowace safiya yakan zo, ya naɗe wando, ya hau, ya ta da injin. Wannan irin tarakta ba ta da sitiyari, sanduna biyu ne a gaban direba, ɗaya ta sarƙar dama, ɗaya ta hagu. Yakan ba ta gaba kaɗan, ya ba ta baya kaɗan, ta yi nishi ta tsaya. Sai ya sauka ya sunkuya ya dubi ruwan da yake fitowa daga ƙarƙashinta. In ya ga ja-jan tsatsa a cikinsa sai ya yi murmushi ya koma gida. Matarsa takan tambaye shi ko ta taka, ya ce tukuna. Rani ya yi ta janyewa, gajimare suka fara taruwa a gabas, tsoro ya fara shiga zuciyarsa, gama ya riga ya ƙaunace ta.

Sai ranar ta zo. Aka yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsun da rafin yake fitowa. Mai gwangwan ya ji labari, ya ce bari ya yi sauri ya yanka kayansa kafin ruwa ya binne masa su. Ya taho da babbar motarsa, cike da ƙarafan da ya kwaso a wasu ƙauyuka, ya biyo da saurayin mai gandu don ya zama shaida. Manomin yana kan Gurguwa kamar kullum sa'ad da ya hango su.

Sai an ƙetare rafin kafin a isa inda take. Mai gwangwan bai tsaya duba mashigin ba, ya danna motar ciki. Ta yi tsakiya, tayoyin baya suka lume a taɓo. Ya taka mai, suka yi ta juyawa suna haƙa wa kansu rami. Aka taru aka tura, ba ta motsa ba. Aka kira sabuwar tarakta mai taya daga gonar maƙwabta, ta zo tana sheƙi, ta ja, tayoyinta suka yi ta sulɓi a bakin gaɓa, da ƙyar ita ma ta tsira. Ana cikin haka ruwa ya sāke launi. Ya zama ja, yana tafe da kumfa da karare, yana hawa jikin motar.

Tsofaffin taraktocin manomin suna gida, bayan tudu, kafin su iso da ruwa ya gama aikinsa. Mai gwangwan ya duba hagu ya duba dama, bai ga mai ceto ba sai tsohon da ya yi ta yi wa dariya, zaune a kan abin da ya zo yankawa. Ya ratsa ruwa har ƙugu ya je wurinsa, ya roƙe shi.

“Baba, motar nan ita ce duk abin da na mallaka. Da ita nake ciyar da gidana.”

Manomin bai tuna masa da dariyarsa ba. Ya ce, “Ɗana, ɗauko igiyar ƙarfe ka ɗaura a gaban motarka.”

Tun da ya sa ta a rafi bai taɓa ba ta ƙarfinta duka ba, don tsoron kada sarƙar ta tsinke. Yanzu ba sauran jira. Ya sunkuyar da kai ya yi gajeriyar addu'a, ya sa giya, ya buɗe mata mai. Gurguwa ta yi ruri. Aka ji ƙara daga ƙarƙashin ruwa, ƙas, ƙas, ƙas, gaɓa tana saki bayan gaɓa, kamar tsoho yana miƙa da safe. Jan ruwan tsatsa ya fito daga gefenta. Sarƙar dama ta juya, ta hagu ta bi ta. Ta taka.

Ta bi ta cikin ruwan a hankali, tana shimfiɗa wa kanta hanya tana takawa, gama haka irinta suke, inda taya take nutsewa nan sarƙa take samun wurin kamawa. Ta tsaya a gaban motar, aka maƙala igiya. Manomin ya sāke ba ta mai. Igiyar ta miƙe, taɓon ya riƙe, ya riƙe, sa'an nan ya saki. Gurguwa ta haura gaɓa tana jan babbar mota da dukan kayanta a baya, ba ta tsaya ba sai da ta wuce iyakar gonar ta hau tudu. Da suka waiwaya, ruwa ya riga ya shafe wurin da motar take.

Sai sowa ta tashi. Mata suka rangaɗa guɗa, waɗanda suka ce a kawo guduma su ne a gaba wajen tafi. Saurayin mai gandu ya ce kowa shaida ne, da ƙafarta ta fita, ta Baba ce. Mai gwangwan ya tsaya yana ɗigar ruwa, ya ɗora hannu a kan ƙarfen da ya zo yankawa. Sai ya ce daga yau in ya sami irinta a daji, ba zai kunna wuta ba sai ya fara aika wa Baba.

Da yamma Gurguwa ta shiga ƙauye da ƙafarta, jama'a suna biye. Matar manomin ta fito ƙofar gida ta ce ashe baƙuwar ta iso, a ba ta wuri. Aka ce masa ya sāke mata suna, tun da ta warke. Ya ce a'a, a bar mata shi, domin duk wanda ya ji sunan ya kuma ga tafiyarta ya tambayi abin da ya faru.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Manomin nan Ubangiji ne, wanda yake bin dazuzzuka yana neman waɗanda duniya ta gama da su. Gurguwa kuwa ni ne, kai ne, ke ce. Tsatsar ita ce zunubin da ya daɗe, da fushin da aka riƙe shekara da shekaru, har mutum ya kasa durƙusawa, ya kasa cewa a gafarta mini. Rafin shi ne Maganar Allah da alherinsa, masu bi ta cikin zuciya a hankali, suna kwashe abin da ƙarfi ba ya iya fitarwa. Tsofaffin nan biyu da suka kai ta ruwa su ne masu bi, waɗanda su ma tsinto su aka yi, ba su kuwa manta ba.

Abin da yake damuna shi ne, wasunmu da guduma muke zuwa majami'a. Muna da ɗan'uwa da giya ta riƙe, ko ɗa da ya bar sujada, mun bubbuge shi da faɗa da gori, da bai motsa ba muka ce ya gama lalacewa. Wa ya ba mu wutar yanka? Aikinmu shi ne mu kai shi inda ruwan yake, mu dawo gobe, mu sāke dawowa jibi, muna addu'a, muna duban ɗan jan da yake fitowa. Ubangiji bai gaji da zuwa rafi dominka ba.

Kai kuma da kake zaune kana cewa naka ya wuce gyara, kana jin inji yana ƙugi a ƙirjinka amma ƙafa ta ƙi ɗagawa, kada ka fita daga ruwan. Zauna a ciki. Ranarka tana zuwa, za ka kuwa taka. In ta zo, kada ka yi mamaki in ka ga mutumin farko da Ubangiji ya ɗaura maka a baya shi ne wanda ya ce ba sauran kome a jikinka sai nauyi. Kada ka tsaya tuna masa. Ka ja shi zuwa tudu.