Jatau da Maganin Ƙishirwar Ɓeraye

Ku gyara zama. Tunda zafi ya hana kowa motsi, bari in ba ku abin gardama kafin a kira magariba.

Akwai wani mutum Jatau, mai sharar ɗakin fararen ɓeraye a wata jami'a, inda malamai ke gwajin magunguna. Tsintsiya da bokiti ne aikinsa, amma a majalisa "mu masu bincike" yake cewa. Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, kowa ya yi laushi, shi kuwa ya bugi ƙirji ya ce bana ilimi ya raba shi da ƙishirwa.

Ga inda ya samo ilimin. Yana shara ya ji wata malama na gaya wa ɗalibai cewa in ruwa ya ragu a jikin ɓera, akwai wani sinadari a jini, anjiyotensin, da ke zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa biyu. A ƙwaƙwalwa ya ce a sha ruwa, a ƙoda ya ce a riƙe ɗan abin da ya rage. Akwai kuma maganin da ke toshe ƙofofin duka. Zancen ƙwaƙwalwa kaɗai Jatau ya ji, aka aike shi zubar da shara. Ya dai ga ɓerayen da aka ba maganin sun rage sha, sai ya ƙulle garin maganin a leda, ya riƙa kaɗa shi a kunun sahur. Ƙoda kuwa ba mai ce mata ta riƙe komai.

Ana haka matarsa ta haifi namiji, ya yi ta zirga-zirgar neman ragon suna cikin rana. Ran nan bayan la'asar ya zo majalisa, ya zauna, ya sulale a kan tabarma.

Ba wanda ya ko ɗaga kai, don Jatau ya taɓa suman ƙarya a gidan biki har aka yi masa fifita. Cindo tela ne kaɗai ya lura cewa ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore shi ba. Ya ja jiki da ƙyar ya taɓa shi, ya ji hannu sanyi ƙalau, harshe kamar busasshiyar fata. Ya ce wannan karon ba wasa ba ne. Aka yi masa dariya, bai fasa ba sai da aka tashi. Da Cindo bai duba ba, da a tabarmar za a yi masa salati.

Sallau mai a-daidaita-sahu ya ɗauki Jatau zuwa asibiti. Rabin hanya mai ya ƙare, titi ba kowa, kowa na kwance a inuwa. Sallau ya sauka da azumi a bakinsa ya tura keken, kwalta na kama masa silifa, har ƙofar asibiti. Nan shi ma ya zube, sai da aka yayyafa masa ruwa. Da Sallau bai tura ba, da ba a kai ba.

Likita ya ga jini ya faɗi, fitsari ya ɗauke, ya tambayi abin da mutumin ya sha, don ya ce ƙoda ba ta jira. Barau, abokin aikinsa mai riƙe makullin ɗakin ɓeraye, wanda ya biyo su asibitin, shi kaɗai ya sani, kuma Jatau ya sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. In ya faɗa, aikinsa ma na iya tafiya. Duk da haka ya ja likita gefe ya faɗi sunan maganin. Aka ɗaura ƙarin ruwa, aka yi abin da ya dace. Da Barau bai buɗe baki ba, da an yi ta lalube har ƙodar ta mutu.

Ana gobe sunan jariri, 'yan majalisa suka tafi dubiya, har da surukinsa. Suka tarar da shi ya jingina da matashi, murya ta dawo. Ya ce gajiyar bincike ce kawai, likita ma ya yi mamakin ƙarfin jikinsa. Bai rufe baki ba sai ga nas ta shigo da ledar ruwa, ta duba gadaje.

"Ina baban nan da ya sha maganin ɓeraye?"

Surukin ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Jatau ya ja mayafi har hanci, daga ciki ya ce, "Ga ni, ranki ya daɗe."

Da ta fita, surukin ya ce tunda uban yaro ya nuna iyakar ilimin nasa, a bar wa kakan yaro abu guda: gobe jariri zai ci sunan wanda ya ceci ubansa. Yaro ɗaya ne, ragon ma ɗaya. Cindo ya gani lokacin da kowa ya kau da kai. Sallau ya kai shi da ƙarfin da ba shi da shi. Barau ya karya alkawari, ya sa abincin iyalinsa a kan gaɓa.

Ni dai yawuna ya ƙafe. To, ku faɗa mini, sunan wa ya kamata a raɗa wa yaron?