Ƙusa a Takalmin Hashimu

Akwai wani manomi a Matameye, sunansa Hashimu. Shekararsa bakwai da ciwon suga. Ciwon ya kashe masa jijiyoyin ƙafa, har ƙaya ta soke shi bai ji ba. Shi kuwa taƙama yake yi da haka, wai ƙafarsa ta gagari ƙaya. Magani ma ya daina sha.

Maƙwabcinsa Inusa gyaran takalma yake yi a Kano da rani. Ba sa ga maciji, tun wata rigimar iyakar gona.

Wata Juma'a, bayan Inusa ya dawo gida, sai ya ga takalmin Hashimu a ƙofar masallaci. Ƙusa ta huda shi daga ƙasa, ga busasshen jini a ciki. Ya ɗaga yana dubawa, sai ga Hashimu ya fito.

"Kai! Me ya haɗa ka da takalmina?"

"Ƙusa ce a ciki. Ta kwana biyu tana cin ka. Ɗaga ƙafarka ka gani."

"Maƙaryaci! Sawuna ka zo ɗauka ka kai wa boka. Gonar ce ba ka haƙura ba."

"Me zan yi da sawunka? Ka tafi likita, wawa, tun ƙafar tana takawa."

Hashimu ya fizge takalminsa ya saka, ya wuce.

Bayan mako guda ƙafa ta kumbura, ta soma wari. Matarsa Mas'uda ta ce, "Malam, don Allah mu je likita."

"Rufe mini baki. Aikin Inusa ne, allura ba ta karya sammu."

Ya kira wanzami ya tsattsaga wurin, aka barbaɗa garin magani, aka ɗaure da tsumma. Ya zauna a ƙofar gida yana zagin Inusa ta kan katanga. Sati uku ana haka.

Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, aka ɗauke shi a mota zuwa Damagaram. Likita ya buɗe tsumman, ya dube shi.

"Da ka zo da wuri, wanki ne da magani. Yanzu sai yanka."

Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Damina ta sauka, kowa ya fita shuka. Hashimu yana kan tabarma. Har yau ba ya amsa sallamar Inusa.

Darasi: Ƙafar da ba ta jin zafi ba jarumta ba ce, ciwo ne. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, ya lalube cikin takalmi kafin ya saka, ya riƙe maganinsa, ƙaramin rauni ya kai likita. Gaskiya kuma ko daga bakin maƙiyi ta fito, a karɓa. Ku tura wa masu taurin kai na gidajenku.