Kafet Ɗin Masallacinmu

An yi wani mutum a nan Nairobi, dillalin hannun jari. Jama'a na ba shi kuɗinsu ya saya musu hannun jari, ya sayar in sun bukata. Ba zan faɗi sunansa ba, da yawanku kun sha shayi da shi.

Ya 'yan uwa, hukuma ta ɗora wa irin wannan kamfani sharaɗi. Dole ya ajiye wani jari a gefe, tsabar kuɗi, ba fili ba, ba gini ba, domin ranar da kasuwa ta juya masu kuɗi su sami abinsu.

Mutumin nan ya dubi kuɗin a kwance, ransa ya biya. Ya buɗe ƙaramin kamfani a ƙarƙashin babban, ya kwashe ajiyar ya zuba a ginin gidajen haya a Kitengela. Ƙarshen wata sai ya aro kuɗi na kwana biyu, ya nuna wa hukuma, ya mayar.

Akawunsa, wata mata da ake kira Bi Zuhura, ta ƙi sa hannu.

"Haba Bi Zuhura, bulo ba dukiya ba ne?" in ji shi.

"Dukiya ce, yallaɓai. In mai kuɗi ya zo, sai ka auna masa bulo a leda."

Ya sallame ta. A watan ya shimfiɗa wa masallacin nan kafet, na hau mumbari na yi ta sa masa albarka. Ban tambaye shi daga ina ba.

Kasuwa ta faɗi a Janairu, daidai lokacin kuɗin makaranta. Kowa ya zo karɓar nasa. Cikinsu akwai wani dattijo, Mzee Wafula, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ya kai kuɗin sallamarsa gaba ɗaya, da su ake yi wa matarsa wankin ƙoda. Ya yi sati uku yana zarya, ana ce masa gobe.

Ina ajiyar? Tana Kitengela, ko rufi ba a yi ba. Wa zai sayi kango cikin kwana uku? Masu ba shi aro suka daina ɗaukar waya. Hukuma ta ƙwace lasisi, ta garƙame ofis, yanzu dillalin yana tsare yana jiran shari'a.

Wannan cin amana ne, ko da an yi shi da kwat da biro. Abin da aka ce ka ajiye don mutane ba naka ba ne, kuma sadaka ba ta wanke shi.

Jiya Bi Zuhura ta kawo mini takarda. Shilin dubu ɗari huɗu sun fita daga ajiyar nan ranar da aka sayi kafet ɗinmu. Wallahi na ji kunya, shekara biyu goshina na kansa.

Da na ce sai mun mayar da kuɗin, wani ya ce mini, "Shehe, ai Wafula ba musulmi ba ne." To, haƙƙinsa ya san wannan?

Ana sallame salla za mu naɗe kafet ɗin nan. A kan siminti za mu yi sujada har mu haɗa kuɗin mu mayar wa masu su, kuma albashina na wannan wata ne farko. Matar Wafula na da wankin ƙoda ran Talata.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya yafe mana albarkar da muka sa ba mu tambaya ba. Ku tashi mu yi sahu.