Gwaggo Ladingo da Kofi na Huɗu

Ga ta nan, ga ta nanku, ga ta nan tana tururi.

Ta zo mu ji ta, mu hura mu kurɓa.

To ku matso. Sadiku, ɗauke ƙafarka daga kan zanena. Wannan tatsuniyar ta gida ce, duk wanda ya cika dariya ya sani kakar kakarsa yake yi wa.

A wani gari wai shi Rafin Kanya, an yi wata tsohuwa ana ce mata Gwaggo Ladingo. Daga tsatsonta muka fito, mu duka da ke kan tabarmar nan. Ba ta noma, ba ta kaɗi, ba ta saƙa. Harshe kawai Allah ya ba ta. In ana biki ko suna, ba a sauke tukunya sai an kira ta ta ɗanɗana. Sai ta lakato miya, ta lumshe ido, ta ce, "Gishiri ya ji. Amma daddawar nan ta kwana kusa da albasa." Sai mata su hau salati. Sai a cika mata kwano ta tafi gida. Da wannan kwanon take rayuwa. Ranar da aka daina yarda da harshenta, ranar za ta fara kwana da yunwa.

Sai dai tana da ciwo guda, irin namu na gado. Bakinta bai iya cewa "ban sani ba." Kun ga yadda Baba yake kwatanta wa baƙo hanyar unguwar da bai taɓa jin sunanta ba, har da "in ka ga masallaci ka yi dama"? To wurinta ya samo.

A lokacin mutanen Rafin Kanya koko suka sani, da kunu, da fura. Ba wanda ya taɓa shan shayi. Sai ga baƙi uku sun sauka a kasuwa, kowa da butarsa, kowa yana son ya kafa sana'a. Rumfa kuwa ɗaya ce ta rage, a gindin tsamiya, daidai inda kowa ke wucewa. Sai Sarkin Kasuwa ya rasa wanda zai ba. Sai ya aika a kira Gwaggo.

Ya ce, "Gwaggo, kin san wani abin sha wai shi shayi?"

Ta ce, "Shayi? Ranka ya daɗe, ai da shi aka yaye ni."

Ya ce, "Madalla. Ranar kasuwa ki ɗanɗana na kowa a gaban jama'a. Wanda kika zaɓa, rumfa tasa ce."

Ta ce, "Ƙaramin aiki."

Ta fito tana tambayar kanta, shin sha ake yi ko lasa? Da ranar ta zo sai ta soke ludayi a ƙugu, ta rufe da zane, ko da za a buƙata.

Kasuwa ta cika. Duk matar da Gwaggo ta taɓa kushe wa miya ta zo, ta samu wuri a gaba.

Sai aka fara da na farko, wani Buzu dogo mai suna Agali. Ya naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani. Ya ɗora 'yar buta a kan garwashi. Ya zauna. Ya juye shayin a finjali, ya mayar buta. Ya sake juyewa daga sama, ya sake mayarwa, har kumfa ta taru. Gwaggo ta yi hamma har muƙamuƙinta ya yi ƙara.

Can sai ya miƙo mata finjali, ɗan mitsitsi kamar murfin kwalba. Da murya can ƙasa, a hankali, kamar mai lallashin raƙumi, ya ce, "Bismilla, Inna."

A ranta ta ce, wannan na sha ne ko na ɗigawa a ido? Sai ta ɗaga kai ta juye shi duka, yadda ake yi wa magani.

Wayyo! Ɗaci ya kama ta tun daga leɓe har cibiya. Kunnuwanta suka motsa da kansu. Idonta ɗaya ya rufe ya ƙi buɗewa.

Agali ya ce, "Yaya, Inna?"

Ta ce, "Ya nuna. Sai dai da ka ɗan jefa kanwa."

Ya ce, "Kanwa, Inna?"

Ta ce, "Mu haka muke sha a da. Ku yaran yanzu ba ku tarar ba."

Ta yunƙura za ta tashi. Sai Agali ya ɗaga hannu.

"Inna, a wurinmu wanda ya sha na fari ba ya tashi sai ya sha na biyu da na uku. In ya tashi, ya raina mai buta."

Ta ce, "Wa ya ce tashi zan yi? Ƙafata nake miƙewa."

Ta koma ta zauna. Ya ƙara ruwa da sukari, ya dafa na biyu, ta sha. Ya dafa na uku, ta sha. Wai na ukun zaƙi ne da shi kamar zuma. Ita dai ba ta ji ba, na fari ya riga ya tare ƙofa.

Sai aka zo kan na biyu, wani ɗan gajere mai suna Shekarau, wanda ya koyo sana'ar a kudu. Shi bakinsa ba ya hutawa.

"Gwaggo sannu, Gwaggo zauna, Gwaggo ga benci! Mai kauri kike so ko ruwan bunu? Ruwan bunu shi ne wanda babu madara, na masu ƙaramin ƙarfi, ke kuwa babba ce, mai kauri za ki sha!"

Ya ɗauko kofi kamar tulu. Ya zuba madara, ya zuba sukari, ya kwararo shayi daga tukunyar da ke tafasa. Sai ya ɗauko wani kofin, ya ware hannu.

"Bari in shiƙa miki, Gwaggo, daga wannan kofin zuwa wancan, ya sha iska ya huce."

Sai Gwaggo ta ga dama ta samu da za ta nuna ita ba baƙuwa ba ce. Ta ce, "Yara ake shiƙa wa. Miƙo."

"Gwaggo, yanzu na sauke shi fa!"

"Na ce miƙo."

Ya miƙa. Ta kafa kai ta yi wata irin kurɓa, fuuut! Harshenta ya soye. Ta rasa ta furzar, ta rasa ta haɗiye, ga mutane sun zuba ido. Sai ta haɗiye. Ta ji shi yana sauka yana kunna wuta ɗaki ɗaki. Hawaye suka zubo, shar.

Shekarau ya ce, "Subhanallahi, Gwaggo, kuka kike?"

Ta ce, "Marigayi maigidana na tuna. Haka yake son nasa."

Sai mata suka ce, "Allah sarki, Allah ya jiƙansa." Marigayin da ko koko sai ya huce yake sha.

Ummita, in kika faɗo daga kan turmin nan don dariya, ba ruwana.

Sai aka zo kan ta uku, wata Babarbariya mai suna Ya Kolo. Ƙamshinta ya riga ta isowa. Ita ba ta gaggawa, ba ta kuma kallon kowa sai ta gefen ido. Butarta cike da citta da kanumfari da kimba da na'ana'a. Ta zuba, ta buɗe wani ɗan ƙulli, ta ɗebo garin masoro da yatsu biyu.

Ta ce, "A garinmu yaro ɗiba ɗaya ake sa masa. Babba biyu. Ke nawa, 'yar'uwa?"

Ku faɗa mini, in ɗan gidanmu ne, me zai ce?

Yauwa. Ta ce, "Uku."

Ya Kolo ta ɗaga gira, ta zuba uku.

Gwaggo ta kurɓa. Masoro ya sauka a kan ƙunar da Shekarau ya bari. Sai atishawa. Ta yi ta fari, kallabinta ya zame. Ta yi ta biyu, awakin da ke bakin rumfa suka watse. Ta yi ta uku, sai ludayin nan ya faɗo daga ƙugunta, ƙwal, a gaban kowa.

Sarkin Kasuwa ya ce, "Gwaggo, ludayin fa?"

Ta ce, "Na fifita ne." Ta ɗauka ta hau fifita da shi, gumi yana bin wuyanta.

To an gama. Sarkin Kasuwa ya zaunar da ita a kan benci. Kun san ba a sa babba yanke magana da baki haka nan, sai ya ɓare goro ya miƙa mata. Ta jefa a baki tana tauna, tana neman abin cewa. Na Agali ɗaci. Na Shekarau wuta. Na Ya Kolo wuta da ɗaci da atishawa. Wanne za ta zaɓa? Ga ƙishirwa kamar ta kashe ta.

Ashe su ukun, da yake wuri ɗaya aka tara su, a ƙwarya ɗaya suke ɗauraye kofuna. Ruwan ya yi ɗumi, ya yi ja ja, ya yi fari fari. Shekarau ya kamfato kofi guda zai kashe garwashi da shi, sai aka yi masa magana, ya ajiye a ƙarshen benci.

Gwaggo ta waiga ta ga kofi. A ranta ta ce, au, ashe da na huɗu. Ta ɗauka ta kurɓa a tsorace.

Kun san in mutum ya ci goro ya kora da ruwa, ruwan zaƙi yake yi masa. To haka. Ba zafi, ba ɗaci, ba yaji, ga wani zaƙi siriri yana bin harshe yana lallashi. Ta shanye tas. Ta miƙe tsaye, ta ɗaga kofin sama.

"Jama'a! Wannan shi ne shayi! Sauran duk wasan yara ne. Wanda ya dafa wannan, a ba shi rumfa!"

Agali ya ƙara jan rawani har ya rufe ido. Ya Kolo ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Shekarau, wanda bakinsa bai taɓa tsayawa ba, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe.

Ya ce, "Gwaggo... ruwan ɗaurayar kofi ne."

Sai dariya ta fashe. Wata mata a gaba ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Wannan ce ta ce miyar bikin 'yata ta yi lami? Wallahi ko tafasa ruwa nake ba na sake kiranta!" Wata ta ce, "Ni ma!" Gwaggo tana tsaye tana jin gidajen biki suna rufe mata ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

Nan fa ga hanya a buɗe. Ta ce, jama'a ku yafe ni, ban taɓa shan abin nan ba sai yau. Da an yi dariya an gama.

Ina! Sai ta gyara kallabi. Ta bi su da kallo har dariyar ta mutu.

Ta ce, "Kun gama? To da ban san ruwan ɗauraya ba ne zan sha? Ni Ladingo? Ranka ya daɗe, na Buzu ya cika ɗaci. Na wannan ɗan surutun ya cika madara. Na 'yar'uwata ya cika yaji. Amma da suka haɗu a ƙwarya ɗaya, kowa ya rage wa ɗan'uwansa hali. Abin da nake nuna muku ke nan, ku da sai an tauna muku. Rumfa ta su ukun ce. Su zauna tare."

Sarkin Kasuwa ya shafa gemu. Ya ce, "Kai! Gwaggo ta hango abin da ba mu hango ba."

Sai kasuwa ta ɗauka, "Gwaggo ta hango! Gwaggo ta hango!" Matar nan mai miyar biki ta zauna a hankali, ta ce ita dama wasa take yi.

Aka ba su rumfa su uku. Ciniki ya buɗe. Mai son ɗaci ya je wurin Agali, mai son kauri wurin Shekarau, mai mura wurin Ya Kolo. Gwaggo kuwa gidajen biki suka ci gaba da kiranta, har da na ƙauyukan gefe.

Sai masu shayin nan suka zauna suka ce, tsohuwar nan ta yi mana alheri, da me za mu saka mata? Ya Kolo ta kalle su ta gefen ido, ta ce, "Da abin da ta fi so mana."

Washegari da hantsi sai ga su a ƙofar gidanta su uku, da ƙwarya cike fal, an rufe da faifai. Maƙwabta suka fito kallo.

Shekarau ya ce, "Gwaggo ga naki, Gwaggo na musamman, tun safe muke tara miki, ko ɗigo ba mu zubar ba!"

Gwaggo ta buɗe. Yau babu goro a bakinta, harshe kuma ya warke. Ta kurɓa. Ta ji shi yadda yake, ruwan wanke kofin mutanen kasuwa, har da ɓarɓashin burodi yana iyo.

Agali ya ce, "Yaya, Inna?"

Ta haɗiye da ƙyar. Ta lumshe ido. Ta ce, "Ya fi na jiya."

Shi ke nan ta ɗaure kanta. Kullum hantsi sai ƙwarya ta iso, kullum sai maƙwabta sun fito, kullum sai ta shanye ta yaba. Rannan ta faki ido ta tura wa akuyar maƙwabta. Akuya ta sunsuna, ta kalle ta, ta yi gaba. Haka Gwaggo ta sha ruwan ɗauraya har ƙarshen ranta, kuma duk garin ba wanda ya kai ta suna a sanin shayi.

Mene ne, Ummita? Wai ni na taɓa shan na Buzaye? Ni? Ke, tun ba a haife ki ba. Launinsa? To, ai launinsa... ya danganta da butar. Sadiku, me kake wa dariya?

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, wanda ya leƙa buta tururi ya kore shi.

In aka miƙo muku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, a yi muku dariyar yini ɗaya. Ku tashi ku ɗauraye kofunan nan, kuma ruwan a zubar.