Dalilin da Ya Sa Adaka Take Ruri Tana Naushin Mai Ita

Dalilin da ya sa bindigar adaka ba ta iya riƙe sirri, yara, take kuma rufe wa mai ita ido da hayaƙi, ta naushe shi a kafaɗa duk sa'ad da ya taɓa kunamarta, wata mata ce mai suna Tasalla. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

A zamanin da, ta baki ake ɗura adaka kamar yau: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda, a bi da guntayen ƙarfe, a sake toshewa. Sai dai idan ta tashi ba ta da murya. Abin da za ka ji bai wuce hucin tsohuwa mai hura wuta ba. Babu hayaƙi, babu naushi.

A garin Rafin Kanya, Tasalla kaɗai ta san yadda ake haɗa albarushi, domin a wurin mahaifiyarta ta gada. Ita ke ƙona itacen tumfafiya ta sami gawayi, ita ke tace ƙasar tsofaffin turaku, ita ke daka su a wani ƙaramin turmi da ba a taɓa sa hatsi a cikinsa ba. Maharba su zo su cika ƙahonninsu su tafi. Shugabansu, Sarkin Baka Jatau, taubashinta ne, ɗan kawunta, kuma tun suna yara bai taɓa kiran ta da sunanta ba, sai dai Ta-turmi.

To, bindigar da ba ta da murya ta lalata maharba. Mutum zai kwanta a bayan sabara, garken zabin daji na kiwo a gabansa. Ya harbi ɗaya ta faɗi, sauran ba su ji komai ba, su ci gaba da tsattsaga. Ya ɗura a natse, ya sake harbi, har sai ya share garken kakaf. Ana kawo nama fiye da abin da tukwane za su ɗauka, a ƙyafe wani, wani ya ruɓe a zubar wa ungulu. Maharba kuwa suna ta kirari.

Abin da ba su lura da shi ba, Tasalla ta lura, domin ita ce mai sunkuyawa a gona. Zabin nan su ne ke tsince 'ya'yan fara tun kafin su yi fiffike. Da zabi suka ragu, fara ta sami sarari. Shekara biyu a jere ta cinye wa mata wake da kuɓewa a gayaunansu, a ta biyun har ta taɓa geron gandu. Da damina ta uku ta kawo kai, garke ɗaya tak ya rage a fadama. Tasalla ta san idan wannan ya ƙare, babu abin da zai tsaya tsakanin fara da rumbunan gari.

Ta sami maharba a gindin kanyar da suke taruwa, ta gaishe su yadda ya kamata, ta zayyana musu abin da ta gani. Ta roƙe su kowa ya ɗauki abin miyarsa ya bar saura su hayayyafa. Ba su bari ta kai aya ba, dariya ta ɓarke.

Jatau ya ce, "Ta-turmi, turmi naki ne, daji namu. Yaushe taɓarya ta fara koya wa bindiga aiki?"

Ta ce, "Sarkin Baka, ranar da rumbunka ya zama wayam, sai ka tuƙa kirarin ka ci."

Ta koma gida ranta yana tafasa. Ta yi tunanin ta kife turmin ta daina dakan gaba ɗaya, amma ta ga ba gyara ba ne, domin akwai gidajen da ba su da akuya ko kaza, naman daji ne kaɗai maiƙon miyarsu. Ba farauta take ƙi ba, ɓarna take ƙi. Tana cikin wannan sai ta tuna gargaɗin mahaifiyarta, cewa kada ta kuskura farar wuta ta kusanci turmin nan, don tana sa albarushi ya yi baki. Tasalla ta tashi ta ɗauko farar wutar da take ajiye wa masu ƙaiƙayi, ta jefa a turmi, ta daka.

Ba ta yaudari kowa ba. Da Jatau ya zo cika ƙahonsa, ta gaya masa a fili cewa ta sauya hannu, wannan albarushin yana magana. Ya ce ai daidai ke nan, ya yi gadon mai shi.

Washegari da hantsi tana noma a gayaunarta kusa da fadama, sai ta ji wata ƙara kamar aradu ta faɗi a rani. Garken zabi ya tashi sama gaba ɗaya, ya haye rafi. Da farin hayaƙin ya washe, ga Sarkin Baka a zaune dirshan cikin laka, hularsa a kan ƙaya, fuskarsa baƙa ƙirin, yana dafe da kafaɗa. A gabansa zabuwa ɗaya ce kwance.

Ya taso yana ɗingishi, ya tsaya a kan Tasalla, ya ce ta mayar masa da albarushinsa na da kafin rana ta faɗi.

Tasalla ba ta saki fartanyarta ba. Ta ce, "Ga zabuwa a hannunka, ɗan kawu. Gidanka zai kwana da yunwa yau?"

Ya ce a'a.

"To me ka rasa, in ban da waɗanda za ka zubar wa ungulu?"

Sai ya koma zancen kafaɗarsa. Ta ce wanda zai ɗauki rai, ai bai kamata ya tashi bai ji komai a jikinsa ba. Sannan ta kawo sharaɗi: su yi damina ɗaya da sabon albarushi. Idan kaka ta yi aka rasa nama a gari, za ta koma wa tsohon da hannunta. Idan kuwa zabi suka dawo, hatsi ya tsira, to tsohon haɗin yana cikin kanta, kuma tare za a binne su. Ta ƙara da cewa ita dai ta ji ana faɗin maharbin ƙwarai harbi ɗaya yake yi, amma mai yiwuwa a wani garin ne.

Wannan maganar ce ta kama Jatau, ya amsa sharaɗin don kada a ce ya tsorata.

Daminar nan maharba sun sha wuya. Dole suka koyi abin da suka manta: bin iska, rarrafe cikin raɓa, haƙurin jiran tsuntsu ya matso, domin kowa ya san dama ɗaya gare shi. Da yawa sun dawo hannu rabbana a farkon lamari, suna zagin turmi da mai turmi. Amma zabin da suka tsira sun yi ƙwai a cikin ciyawa, kafin gero ya yi bununi fadama ta cika da 'yan tsaki, suna bin kunya-kunya suna tsince fara. Da kaka aka ɗaure dammuna har rumbuna suka kasa ɗauka, nama kuma bai yanke a tukunya ba.

Ranar da aka gama girbi, Jatau ya yi sallama a ƙofar Tasalla, ya ajiye mata zabuwa mai ƙiba, ya ce, "Harbi ɗaya, Tasalla." Ran nan ne ta fara jin sunanta a bakinsa. Ta ɗaga zabuwar ta auna nauyinta, ta ce ba laifi, ga mai koyo.

Ta cika alkawarinta. 'Ya'yanta mata sabon haɗin kaɗai ta koya musu, tsohon ya bi ta kabari.

Shi ya sa har yau, idan maharbi ya taɓa kunamar adaka, sai ta yi ruri ta sanar da duk daji, ta tsaya masa da hayaƙi a ido har garke ya yi nisa, ta kuma ba shi nasa rabon a kafaɗa. Shi ya tafi gida da ɗaya, sauran su koma gona su ci fara.